Farin zanen gidan Attahir

Sanarwa ta musamman ga jama'ar Agadas da kewaye: yau na yini da takalmi wari da wari. Na dama nawa ne. Na hagu na wani bawan Allah ne da ƙafarsa ta fi tawa girma. Na ratsa gari da shi, na yi salla biyu, na gaisa da manyan mutane, ba wanda ya ce mini uffan, sai da na dawo gida matata ta nuna mini da haɓa. Mai shi ya yi haƙuri ya neme ni, takalminsa yana nan cikin ƙoshin lafiya.

A unguwar Dagmanet na ɗauko shi, a ƙofar gidan Attahir.

Da safen nan labari ya iske ni. Ina tsaye gaban allo a aji, na rubuta rabin jimla, sai waya ta motsa a aljihu. Abokinmu Hamma maƙerin azurfa ne. Ya ce, "Mushe Lawali, Attahir ya rasu." (Mushe, haka ake kiran malamin makaranta a nan.) Na ce masa, "To." Na kashe wayar, na ƙarasa jimlar, na sa mata aya. Sannan na fita.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An ce ya dawo daga sallar asuba, ya zauna bakin tabarma, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo mota ya cika. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka da hawaye aka yi rubutun nan. Jikina kamar na aro. A maƙabarta, ana zuba ƙasa, na kama kaina ina tunanin ko na rufe tagar aji.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Attahir likitan dabbobi ne da ya ɗauki ratret, wato ya yi ritaya. Rabin rayuwarsa ya yi shi tsakanin Ingal da Tegidda da rijiyoyin makiyaya, yana yi wa raƙuma allura suna saka masa da yawu. Sauran rabin ya yi shi yana kallon fim. Tun muna samari, zamanin sinimar fili marar rufi, ciwon ya kama shi, bai kuma nemi magani ba. Aka zo zamanin kaset ya tara kaset. Aka koma faifai ya tara faifai. Ɗan'uwa zai tafi Yamai, wasu su ba shi saƙon yadi, Attahir ya ba shi sunan wani fim da aka yi tun kakanninmu na da haƙora.

Duk Asabar bayan isha'i muna gidansa. Mu huɗu ne: shi, ni, Hamma, da Isufu direban kamiyo, babbar motar kaya, in yana gari.

Bari in faɗi yadda gidan yake, don maganar za ta dawo kansa. In ka wuce zaure akwai ɗan fili inda baƙi maza ke zama. Daga nan akwai wata kafa mai faɗi tsakanin katanga biyu, ita ke shiga cikin gida. A wannan kafar yake ɗaura igiya ya rataya farin zanen gado. Zanen ya zama allon kallo, ya kuma zama labule tsakaninmu da iyalinsa. Majigi yana kan kifaffen turmi. Hamma yana gefe da gawayi da butar shayi. Attahir ya gyara zama ya ce, "Bon, yau mu tahi Japon," kamar mai sayar da tikiti a tasha.

Dokarsa guda ce: ba a kwana ƙasa ɗaya Asabar biyu a jere. Yau masu takobi, mako mai zuwa Italiyawa suna faɗa a kan teburin abinci, na gaba Misirawa suna waƙa, na gaba wani ɗan Rasha yana ratsa ƙanƙara shi kaɗai har shayi na uku ya huce bai isa ba. Mun ga na bebaye, inda mutum ke faɗawa cikin rami Isufu ya yi dariya har ya shaƙe. Mun ga na Mali da na Senegal, inda gardama ta fi zafi don mun san irin mutanen. Sau ɗaya ya sa mana na tsoro. Ba zan faɗi wanda ya nemi rakiya zuwa gida ba, amma mutumin yakan ratsa hamadar Tenere da kamiyo.

A fim ɗin kaboyi ba ya kallon mutane. Ana harbe-harbe, shi yana cewa, "Dokin can na baya tsutsa gare shi, dubi cikinshi." In Turawa suka yi fim a hamada kuwa, ranar ba mu da kwanciyar hankali. "Wa ya ɗaure ma raƙumin ga kaya? A kamo shi!"

Kada ku ɗauka gwani ne marar kuskure. Attahir ya yi imani duk fim ɗin da ba a magana a cikinsa mai zurfi ne. Yakan yi hawaye a finafinan da ko mai yin su bai yi tsammanin hawaye ba. Yana da wani buhu na finafinan karate marasa kai marasa gindi, yana kare su kamar dangin uwarsa. Ni kuma nawa aikin in karanto abin da masana suka rubuta in zo in ɓata masa rai da shi. Haka muka yi fiye da shekara ashirin, ba wanda ya musuluntar da wani.

Babban laifinsa a wurina shi ne murya. Yawancin finafinan da fassarar Faransanci suke zuwa a rubuce a ƙasa. Mu huɗun nan duk mun shiga lakwal, makarantar boko ke nan, har Hamma da ya gudu daga aji huɗu yana iya bin ta. Amma Attahir sai ya juya kowane layi zuwa Hausa, da ƙarfi, kamar mai shela a kasuwar dabbobi. In mace ke magana ya ƙanƙance murya. In ba a magana ma ba ya barin mu: "Yanzu bai ce komi ba, amma ranshi ya ɓaci."

Na sa masa suna Rediyo.

Nakan ce, "Attahir, mun iya karatu fa."

Ya ce, "Karanta naka, bar ni da nawa."

In aka zo wurin da namiji da mace suka matso kusa fiye da kima, sai ya cire hula ya kife a kan idon majigi, ya ce, "Hukuma ta hana." Mu zauna cikin duhu muna jin kiɗa har ya ƙiyasta an gama. Daga nan na sa wa matarsa Mariyama suna Hukuma. A zatona ita ce ke jure wannan shirme namu don Allah. Abincinta yakan fito, ita ba ta fitowa. Mukan ji motsi a bayan zanen, wani lokaci tari, wani lokaci 'yar dariya, na ce yara ne.

Shekarar da na faɗi da moto, wato babur, na karye, ƙafata na cikin ɗauri, na ce ya kawo majigin gidana. Ya ƙi. Amma duk Asabar sai ya zo da kansa, shi da Isufu ko Hamma su ciccibe ni kamar buhun gero su sa a mota, su kai ni, su dawo da ni. Ko sau ɗaya bai fasa ba.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana da awaki. Bai taɓa dawowa daga Tegidda ba tare da ya ajiye mata gishirinsu ba. Yakan durƙusa ya gaishe ta, sannan ya je ya gaida awakin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce shi kaɗai ne cikin abokaina mai tarbiyya.

Ranar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa inda ban so, ban gaya wa kowa ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya cire faifan da ya riga ya sa, ya ɗauko na bebaye. Bai tambaye ni komai ba.

Ganinmu na ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ne. Wani tsohon fim baƙi da fari daga wata ƙasa mai sanyi: tsoho mai fito da mutane a kwalekwale, aka zo aka gina gada kusa da shi, ya ci gaba da zuwa bakin ruwa kullum. Ban san yadda ya ƙare ba, barci ya ɗauke ni. Da ya rako ni zaure ya ce, "Mushe, kai kaɗai na sani mai sharhin fim da minshari." Na ce ai sharhin ya dace da fim ɗin. Ya yi dariya ya riƙe mini moto na hau. Ya ce, "Asabar ka zo da wuri. Na samo mai ban dariya, yau ka sha wuya."

Shi ke nan. Ban ko waiwaya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in kwanta.

Attahir yana da wa, Alhaji Bubakar, dillalin dabbobi a Aderbissinat. Hanya ta riƙe shi, bai samu jana'iza ba. Da ya iso ya ce a nuna masa ɗakin ƙanensa. Ya shiga, ya daɗe, ya fito fuskarsa ta canza. Ɗakin kuwa na san shi: daga ƙasa har rufi kaset ne da faifai, gado ma a rakuɓe yake kamar baƙo.

Ya ja ni gefe, bayan zaure. Dattijo ne mai sanyin magana.

Ya ce, "Mushe, kai ne abokinshi. Tsakaninka da Allah nike tambayarka. Kayan ga, in aka ci gaba da kallonsu bayanshi, wa ake rubuta ma?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Ni ban yi boko ba, ban iya gardama ba. Amma ni na goya yaron ga. Ba ni son ya kwanta ana ƙara mishi kaya bisa kai, shi ko ba ya da bakin cewa a bari. In an yi sadakar uku, in ɗora su a mota in kai bayan gari in sa musu wuta. Sannan in koma gida da kwanciyar rai."

Ba mugunta a maganarsa ko kaɗan. Tsoro ne, da ƙauna. 

Ni kuwa, mai gardamar shekara ashirin, mai amsa tun ba a gama tambaya ba, na buɗe baki na tarar ba kowa a ciki. Kuma gaskiya ba na son in sake ganin zanen nan a kan igiya. Na ce, "Alhaji, yi abin da ya kwanta maka a rai. Ba mai nemansu. Mu huɗu ne, ɗaya ya tafi, sauran kuma don shayi muke zuwa."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya.

Bayan la'asar aka ce abokan mamaci su shiga su yi wa uwargida ta'aziyya. Ni aka tura gaba. Na zo daidai kafar nan, igiya tana nan, ba zane. Na sunkuya na wuce ta ƙarƙashinta. Duk shekarun nan ban taɓa taka wancan gefen ba.

Tsakar gida cike da mata. Mariyama tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta lulluɓe. Na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa, ta amsa. Na yunƙura zan tashi.

Ta ce, "Mushe Lawali. An ce ka ba da finafinan a ƙone."

Ashe ɗiyarta ta ji mu a bayan zaure.

Na ce, "Ai na ga kamar..."

Ta ce, "Ka tambaye ni?"

Wata tsohuwa a gefenta, maƙwabciyarsu ce, ana ce mata Inna Tabawa, ta ajiye carbi ta ce, "Mu huɗu, in ji shi. Kun ji fa. Ɗan nan, ranar Asabar in ba ka zo da kujerarka ba, a tsaye kake kallo nan wurin. Tun daga bakin lungu har gidan mai gawayi, wace ce ba ta zuwa?"

Sai a lokacin na dubi inda nake. Ƙasar da ke fuskantar kafar ta lotsa, ta yi santsi. Jikin katanga ya yi duhu a jere, daidai inda bayan mutum ke jingina. Haske ai ratsa zanen gado yake. Ni da nake karantar da yara ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Mariyama ta ce, "Kun aza don ku yake tada murya? Ni ban shiga lakwal ba. Ko waɗanda suka shiga, rubutun a juye yake iske mu."

Inna Tabawa ta ce, "Komi a juye! Shekara da shekaru muna cewa duk duniya da hagu take cin abinci, mu kaɗai Allah ya shirya. Indiyawa da hagu, Larabawa ma da hagu. Na ce oh, har Misira?"

Wata ta yi dariya, ta tuna inda take, ta toshe baki da mayafi.

Mariyama ta ce, "Sai da na tambaye shi wata rana. Ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Washegari da ba kowa ya zaunar da ni ta gefenku, ya sa mini wanda na fi so. Ban gane mutanen ba. Na ce ya mai da ni inda na saba."

Ba ta yi kuka ba ita ma. Muryarta a shimfiɗe take kamar mai faɗin farashin gero.

Ta ce a kira mata Alhaji. Ya zo ya tsaya a bakin kafar, kansa yana taɓa igiya.

Ta ce, "Yaya Alhaji, na san yau ba ranar maganar gado ba ce. Ka gafarce ni. Amma an riga an yi maganar wuta."

Ya ce, "Ina jin ki."

Ta ce, "In an zo rabo, a sa su cikin tumunina. Majigin, da zanen, da abin da ke ɗakin duka. Daga ranar sun zama nawa, shi ya sauke. In akwai abin rubutawa, a rubuta mini."



Alhaji ya ce, "Mariyama, kin san abin da kike ɗauka?"

Ta ce, "Ɗaya bayan ɗaya na san su, Yaya. Akwai wanda na gani na tashi na je na shirya da ƙanwata bayan shekara uku ba mu magana. Akwai wanda na gani na yi kwana biyu ina tuna mutuwa. Akwai na banza kuma. Buhun karate ɗin nan, in ka matsu da wuta, shi zan ba ka da hannuna."

 Alhaji ya kama bakin rawaninsa ya shafe fuska. Ya ce zai tambayi malamai, ba zai yanke shi kaɗai ba. Sannan ya ce, "Har a yi rabo, ba ni taɓa komi." Ya juya ya fita, a hankali, kamar wanda ya tsufa cikin yini ɗaya.

Ban san abin da malamai za su ce masa ba. Ban zo nan in yi fatawa ba, kuma don Allah kada a mai da ƙasan rubutun nan filin gardama. Dattijon nan ƙanensa yake ji wa tsoro, matar nan mijinta take saukewa kaya. Ni dai a tsakiyarsu nake durƙushe, ba abin da na tsinana.

Da zan fita ta ce, "Mushe, ka gaya ma Hamma, bayan takaba ya zo da butarshi."

Na ce to.

Wa zai karanta musu fassarar, ban tambaya ba, ita ma ba ta ce ba.

Ya Allah, ga bawanka Attahir ya zo gare ka. Ya yi wa dabbobin da ba su da bakin godiya magani. Ya ɗauki gurgu ya kai shi ya dawo da shi. Ya girmama tsofaffi, bai kwana da kowa a rai ba. Abin da ya yi daidai ka ninka masa, inda ya kauce ka rufe masa da rahamarka. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba Mariyama da 'ya'yanta haƙuri, ka sanyaya zuciyar Alhaji Bubakar, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa Ƙulhuwallahu kafin ka wuce zuwa abin da ke ƙasa. Matan Dagmanet ba sai na roƙe ku ba, kun riga ni.

Na ce wa Alhaji ba mai nemansu. Na yi kuskure.